Gawayin Auta

Magariba ta kawo kai, kaji sun shige akurki, Auta kuwa tana tsugune a gindin bangon bayan gida da gawayi a hannu. Tun tana ƙarama a nan take lissafi, duk da Inna ta sha hana ta zama wurin da almuru. Jarrabawar neman gurbin karatu kyauta ta matso, kuma duk gidan a kanta suka ɗora rai.

Babanta mai walda ya tsaya yana goge hannu. "Yau ma ragi sau ragi ƙari ne? Babu ta auri babu, sun haifi akwai?"

Ba ta yi dariya ba. Dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, wani ya biyo shi. Auta ta juyo, idanu a kafe, ta yi magana da muryar tsoho: "In x ragin uku ne, x sau x tara. A sake ninkawa da x, ragin ashirin da bakwai." Hannunta na ta rubutu, ba ta ko duban bangon.

Daga ranar gidan bai ƙara sanin natsuwa ba. Jifa da almuru, ƙidaya ƙasa-ƙasa daga cikin bango. Auta ta bar cin abinci, ta rame har awarwaro na zame mata.

Aka ɗauko Malam mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin ta ƙwalla ƙara.

Malam ya ce, "Wane ne kai?"

"Mai bangon nan. Ni na riƙe mata hannu tun ba ta san baƙi ba. Ni na koya mata ta killace ragi cikin baka biyu kafin ta ninka. Yanzu za ta ci jarrabawa ta tafi ta bar ni?"

"Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Ku bar mini ita, babu lissafin da zai gagare ta. In kuwa na fita, da kayana zan fita."

Baba ya sunkuyar da kai. Inna ce ta kama tsintsiyar hannun 'yarta, ta ji ƙashi zalla. "Kwashe kayanka," ta ce tana kuka. Auta ta yi atishawa, ta sulale ƙasa.

Jifa ya tsaya. Auta ta ci, ta yi barci. Ana gobe jarrabawa ta koma bangon da rana tsaka, inda aikinta na ƙarshe yake jira: x² − 2x, x kuwa −3. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa, har tafinta ya yi baƙi ƙirin.

Tausayi ya kama Baba, ya gwada tsohuwar tsokanarsa. "Babu ta auri babu..."

Ta ɗago, babu alamar wasa a fuskarta. "Baba, me suka haifa?"