Ɗigo Ɗaya a Tafin Hannu

"Khalas! Na ce khalas, magana ta ƙare! Babu wani ɗaurin aure ranar Juma'a!"

Yaya Sherif ne ya banko ƙofar ɗan gidansu na unguwar Mansura a Doha, tutar Ghana rataye a wuyansa, muryarsa ta dishe saboda ihu a filin gasar ƙwallo ta cin kofin duniya. Basiratu tana durƙushe gaban akwatin aurenta tana ninke atamfa. Ta ɗago tana dariya, don ita a zatonta murna ce ta juya wa yayan nata kai.

"Haba Yaya, wane irin wasa ne wannan? Mun ci Koriya fa! Uku da biyu!"

"Mu mun ci, ke ce kika faɗi. Uwais ɗinki mashayi ne."

Atamfar ta suɓuce daga hannunta.

Inna Ajaratu, ƙanwar marigayiya mahaifiyarsu, wadda ta taso takanas daga Kumasi saboda bikin, ta dire kofin shayinta. "Subhanallahi! Kai Sherif, iya bakinka. Ka gan shi yana sha?"

"Da hancina na ji, Inna! Da muka zura ta uku, ya rungumo ni, ya tallabe fuskata da hannu biyu yana tsalle kamar shi ma ɗan Ghana ne. Wallahi tafin hannunsa giya yake! Shekara shida ina gadi a ƙofar otal, ko cikin barci na san warin nan."

"Ƙarya ne!" Basiratu ta miƙe. "Uwais ko sigari ba ya..."

"Ni kike ce wa maƙaryaci?"

Ta sunkuyar da kai. Yaya Sherif ne ya rene ta tun rasuwar Mamansu, shi ya kawo ta Doha, shi ne waliyyinta. In ya ce babu, to babu. Ga shi saura kwana huɗu kacal.

Oh Uwais! Mutumin da ta fara son muryarsa kafin ta ga fuskarsa.

A shekarar korona ne, lokacin da aka mayar da otal ɗin da take aiki wurin killace marasa lafiya. Aikinta ta ajiye abinci a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta gudu. Ɗaki ɗaya ne kullum ake dawo mata da farantinsa yadda ta kai shi. Ran nan haushi ya kama ta, ta yi mita da Hausa ta cikin takunkumi: "Kai kuma wane irin mutum ne, kana son ka mutu da yunwa?"

Sai ta ji an amsa daga ciki: "'Yar'uwa, ba laifina ba ne. Komai na sa a baki kamar takarda nake tauna. Hancina ya mutu."

Ta kusa zubar da faranti! Ashe Bazazzagi ne, ma'aikacin ɗakin cin abinci na otal ɗin, cutar ta kama shi. Tun daga ranar ta ɗauki hancin nan nasa kamar amana. Yau ta sa masa kanumfari a gefen faranti, gobe citta, jibi ɓawon lemo. Kullum amsa ɗaya: "Babu, 'yar Kumasi. Ko alama."

A rana ta goma sha ɗaya ta yi abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta buɗe 'yar ƙaramar kwalbar humrar da Mama ta haɗa da hannunta kafin ta rasu, ta ɗiga a auduga, ta tura ta ƙarƙashin ƙofa. Ba ta kai ƙarshen baranda ba ta ji ihu.

"Na ji! Wallahi na ji! 'Yar Kumasi, dawo, na ji!"

Namiji guda yana kuka da dariya a bayan ƙofa, ita ma tana yi daga waje. Daga nan zance ya ƙare, zuciya ta tafi.

Shi ne yau ake ce mata wai mashayi ne?

Washegari da hantsi ta neme shi a ɗakin cin abinci, aka ce ai wata uku ke nan da aka mayar da shi hawa na ƙarshe saboda baƙin gasar. Kowa a otal ya san abin da ake sayarwa a hawa na ƙarshe.

Ba a buɗe wurin ba tukuna. Shi kaɗai ne a bayan dogon tebur, kwalabe jere a bayansa har sama, launinsu kamar zuma. Yana ganinta ƙyallen hannunsa ya faɗi.

"Basi... hasken idona..."

"Kar ka kira ni da wannan sunan! Kana sha?"

"Wallahi tallahi ko ɗigo bai taɓa hawa harshena ba."

"To me Yaya ya ji a hannunka?"

Ya runtse ido. "Innalillahi... jiya daga nan na wuce fili, sauri ya hana ni wanke hannu da kyau. Zauna ki gani, don Allah. Minti ɗaya."

Ba ta zauna ba, amma ba ta tafi ba. Ya ɗauko wata gajeriyar kwalba, ya ɗiga ɗigo ɗaya tak a tafin hannunsa, ya murza da sauri kamar mai jin sanyi, ya kaɗa hannun har ya bushe. Sannan ya kifa tafukan biyu a hancinsa.

"Tun da kika dawo mini da hancina, Basi, ya dawo da kaifin da ban san shi da shi ba. Wani tsohon Ba'amurke ke kula da nan. Ya ga na bambance kofi biyu daga nesa, ya ce in zo. Na ce ni Musulmi ne, ba na sha. Ya ce ba sai na sha ba, ya koya mini wannan dabarar. In zafin ya tashi, abin da ya rage a fata shi ne labarin kwalbar."

Ya ja numfashi, fuskarsa ta sauya.

"Wannan wiski ne na wani ɗan ƙaramin gida a Kentaki ta Amurka, uba da 'yarsa ke yi. Masara ce fa, masarar da kika sani! Su tace, su zuba a gangar itacen da aka babbake cikinta, su rufe, su yi haƙuri shekara takwas. Zafi ya zo itacen ya sha, sanyi ya zo ya mayar. Kin ji? Farko zuma. Sai gasasshiyar masara irin ta bakin titi. Can ƙasa kuma dabino da ɗan hayaƙi. Waccan ta kusa da ita shekararta uku, har yanzu rawar kai take, yaji kawai. Turawa su ɗanɗana su yi ta gardama, ni in faɗa musu shekarun da hanci, su riƙe baki!"

Yana magana idonsa na ƙyalli. Abin da ya fi ba Basiratu haushi shi ne ta san wannan fuskar. Haka Mama ke yi in ta buɗe tsohuwar humra, ta lumshe ido tana lissafo sandal da farce da miski kamar sunayen 'ya'yanta.

"Kana son aikin nan," ta faɗa a hankali.

"Ina son ƙamshin. Ba zan yi miki ƙarya ba. Sun ce in an gama gasa za su tura ni Kentaki wata uku, in ga gangunan da idona."

"Shi ya sa ka ɓoye mini."

"Tsoro na ji..."

"Ni ka ji tsoro? Ni da na tsaya a ƙofarka lokacin da kowa ke gudunka?" Hawaye suka zubo mata. "Na yarda ba ka sha. Amma kana zuba wa wasu, kuma ka bar ni ina rantsuwa a gaban Yaya a kan abin da ban sani ba. Ba zan ce ka zaɓa ba, Uwais. Amma ka sani, ba zan yi auren da Yaya bai sa albarka ba."

Ta juya ta fita, yana kiran sunanta.

Ranar Laraba da la'asar aka yi sallama. Uwais ne, cikin farar jallabiya, ya rame kamar wanda ya sake yin korona. Ya durƙusa a bakin tabarma, ya gaida Inna, ya gaida Yaya Sherif wanda ya amsa da ƙyar. Basiratu tana laɓe a ƙofar kicin.

Ya faɗi komai, bai rage ba. Ya ce laifin ɓoyewa nasa ne, shi kaɗai. Sannan ya ce, "Da safen nan na mayar musu da makullin wurin. Na koma ɗaukar faranti a ƙasa. Tafiyar Amurka ma na ce su ba wani."

Basiratu ta toshe bakinta.

Yaya Sherif ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wannan ya yi. Amma maganar hanci fa? Wai mutum ya san shekarun giya bai kurɓa ba? Malam, ni ba yaro ba ne. Wanda ya san ɗanɗano ya ɗanɗana. Yalla, tashi."

"Zauna!" Inna Ajaratu ce ta daka tsawa. "Kai ma Sherif zauna. Shekara talatin ina haɗa turare, in hanci na ƙarya ni zan kama shi. Basiratu, miƙo mini jakata."

Ta fito da kwalabe uku marasa rubutu, ta jera su. Ta cire ɗankwalin da ke kafaɗarta ta ɗaure wa Uwais ido tamau.

"Kawo hannu, ɗan Najeriya. Mun fitar da ku daga gasa, yau kuma za mu ga ko za mu fitar da kai daga gidan nan."

Ta ɗiga ta farko. Ya murza, ya kaɗa, ya shinshina.

"Inna, wannan jaririya ce. Ba ta fi wata biyu ba, kanumfarin bai kwanta ba, yana ta faɗa da sandal."

"Kai!" Inna ta tafa hannu. "Sati bakwai! Goge hannu, ga ta biyu."

"Wannan ta natsu... shekara uku, ko da ɗan ɗori. Amma an taɓa barin ta a rana, akwai ɗan ɗaci a ƙarshe."

"La'ilaha illallahu! Ran da na manta ta a taga! Sherif, kana ji?"

Yaya Sherif ya gyara zama, ya matso.

Inna ta ɗauki ta uku da hannu biyu. Tsohuwar kwalba ce, an naɗe bakinta da zare. Ta ɗiga ɗigo ɗaya.

Uwais ya kai tafukansa hanci, sai ya ƙame. Can aka ga ɗankwalin da ke idonsa yana jiƙewa.

"Wannan na san ta," ya ce. "Shekararta goma yanzu. Da muka haɗu tana da takwas, ta ƙara zurfi. Ita ce abu na farko da na ji a duniya bayan na fid da rai. A auduga aka turo mini ita ta ƙarƙashin ƙofa. Inna, ba hannunki ne ya haɗa wannan ba. Mai ita ta fi sa miski, kuma ba ta da gaggawa."

Inna ta waiwayo a hankali. "Basiratu! 'Yar kwalbar da uwarki ta ba ki, wadda ta ce kar ki buɗe sai ranar aurenki?"

Basiratu ta fito tana kuka. "Ba ya cin abinci, Inna... na ji tsoro zai mutu..."

"Wace kwalba?" Yaya Sherif ya tambaya. "Wace humra?"

"Ta Yaya Habibatu ce, uwarku," in ji Inna. "Ita ce ta ƙarshe da ta haɗa. Ta raba biyu, ƙarama ta ba 'yarta, babbar ta ba ni ajiya har sai Basiratu ta samu miji."

Yaya Sherif ya kamo hannun Uwais, hannun nan dai da ya tsine wa shekaranjiya, ya kai hancinsa. Shekara tara rabonsa da ƙamshin nan. Ƙaton mutum, mai gadin da mashaya ke shakka, sai ga shi ya kifa fuska a tafin wani yana shessheƙa.

"Mama..." kawai yake iya faɗa. "Wayyo Mama..."

Babu wanda ya hana shi. Da ya ɗago, ya warware ɗankwalin daga idon Uwais da kansa.

"Ka rantse ba ka taɓa sha ba?"

"Na rantse da Wanda ya dawo mini da hancina."

"Kuma ba za ka sake ɓoye mata komai ba?"

"Har abada, Yaya."

"To ka zo da wuri ranar Juma'a. In ka makara, wallahi wasanmu da Uruguwai zan tafi kallo!"

Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta 'yan Indiya suka leƙo. "Kuma wannan hancin nawa ne!" ta ce. "Ba za a bar shi yana ɗaukar faranti ba. Ganguna kake son gani? Zo Kumasi ka ga tulunana!"

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Da yamma Uruguwai ta lallasa Ghana biyu da nema, aka fitar da su daga gasa, Uwais ya yi ta danne dariya don kar a ƙwace masa mata. Da za a raka amarya, Inna ta buɗe babbar kwalbar, ta shafe Basiratu da ita tun daga wuya har tafin hannu.

A bakin mota Yaya Sherif ya riƙe hannun ƙanwarsa ya daɗe bai saki ba. Sannan ya ɗora shi a cikin na Uwais, ya haɗa su ya damƙe.

"Mama ta riga ni ba ka ita," ya ce. "Ni rakiya kawai na yi."