Sai Da Shekara Goma Ta Cika

Verna tana tsaye bakin murhu tana juya wake, burodin masara yana gasuwa a kaskon ƙarfe, sai uwar mijinta Miz Opal ta shigo kicin ta ja kujera ta zauna, ba ko sannu da aiki. Ba a daɗe da binne tsoho Caudill ba, wato baban Hollis mijin Verna, tsohon da Verna ta yi jinyarsa shekara da shekaru. Ita ce wanka, ita ce zubar da fo, ita ce juya shi kada kwanciya ta cinye masa baya. A gonar taba ma haka, in ka hango mutum biyu a sunkuye tun da sanyin safiya, to ita ce da Hollis.

"Tun da tsoho ya tafi," in ji Miz Opal, "ban ga aikin da ya rage miki a gidan nan ba."

Verna ta juyo da ludayi a hannu. "Miz Opal, ai ni ba aiki na zo ba. Aure na zo."

"Aure? Shekara tara ba ko ɓari, kina kiran wannan aure?"

Hollis yana bakin ƙofa yana cire takalmin gona, ya ji komai. Ya kira sunan uwarsa sau ɗaya a hankali, ta watsa masa harara, shi ke nan ya sunkuyar da kai. Ƙato guda, mai ɗaga buhu biyu a kafaɗa ɗaya, amma gaban wannan ’yar tsohuwa sai ka rantse kaza ce ruwa ya daka. Ni dai har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Duk kwarin nan namu na gabashin jihar Kentucky a Amurka babu wanda bai san Miz Opal ba ta taɓa ƙaunar Verna ba, don ta fito daga gidan da ba su da ko taƙin ƙasa. Da can tana buƙatar mai jinya, shi ya sa ta yi shiru. Yanzu kuwa ta fito da makaminta. Gonar da sunanta take, ta rantse in Hollis bai rabu da matar nan ba za ta sayar wa kamfanin kwal da ita, har da tudun da kabarin ubansa da na kakanninsa suke. Ga kuma ƙanwarsa Nadine da jaririnta a gidan, miji ya gudu ya bar ta, ba su da wurin zuwa. Dole Hollis ya miƙa wuya. Miz Opal ta ɗauko lauya da kanta, ta kafa sharaɗi guda: a gama komai kafin watan Mayu. Me ke cikin watan Mayu, ba ta faɗa wa kowa ba.

Ranar da Verna za ta koma gidan gwaggonta a cikin gari, Hollis ne ya kai ta a motarsa ta ɗaukar kaya. Da ya sauke mata akwati, ta riƙe hannun rigarsa tana kuka.

"Ka ce min ba ka sona, Hollis. Ka faɗa, in huta."

Ya tsaya yana kallon ƙasa, idonsa ya kaɗa jawur. Bai faɗa ba. Ya zare hannunta a hankali ya shiga mota.

To, daga nan aka shiga wasan da ya ba dukan gari dariya. Ranar farko ta kotu, Hollis bai zo ba, wai saniya na naƙuda. Aka ɗaga. Rana ta biyu, wai mota ta mutu a kan dutse. Ta uku kuwa ya zo, amma ya miƙe ya ce shi bai yarda da rabon kaya ba: keken ɗinkin da ke hannun Verna nasa ne. Keken da kowa ya san gadon uwarta ne! Alƙali ya cire tabarau ya tambaye shi ko ya iya ɗinki, ya ce yana shirin koyo. ’Yan kallo suka kwashe da dariya. A shagon aski har suna suka sa masa, Tela. Miz Opal kamar ta haɗiye zuciya, tana zaginsa tun daga matakalar kotu har gida, shi kuwa ko a jikinsa.

Gwaggon Verna ta ce wannan tsabar mugunta ce. Verna ta ce a’a. A ganinta mutumin da bai san yadda ake zura zare a allura ba, ba keke yake so ba, mai keken yake so. Duk ranar da aka ɗaga shari’a sai ta dawo gida da ɗan murmushinta, ta wanke gashi, ta zauna a baranda tana sauraren ƙarar kowace mota. Akwatinta ma ba ta kwance shi duka ba. Allah sarki, rai da buri.

Haka aka ja har Mayu ya kama. Ranar da aurensu ya cika shekara goma ta yi masa kek ɗin tuffa da yake so, ta shimfiɗa farin mayafi a tebur, ta sa rigarta mai ruwan toka. Ta jira har rana ta faɗi. Bai zo ba.

Sati na gaba aka koma kotu. Hollis ya riga kowa zuwa, ya yi aski, ya sa kwat ɗin da ya sa ranar ɗaurin aurensu. Verna ta ce a ranta yau ce ranar da zai ce ya fasa sakin. Sai ya miƙe ya ce wa alƙali ya janye maganar keke, ba shi da sauran ja, a gama. Alƙali ya sa hannu. Ko minti goma ba a yi ba.

Ta tare shi a bakin ƙofa. "Da ka yanka ni tun ranar farko, da ya fi. Wata biyar kana ba ni ruwa da cokali, ashe wasa kake da ni."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga uwarsa ta kama shi a gwiwar hannu. Ya rufe bakin.

Verna ta tattara ta tafi birnin Dayton, inda duk ’yan kwarinmu ke zuwa neman abinci. Ta yi shara a gidajen masu kuɗi, ta yi raino, ta yi ɗinki a kan wannan keken, yawanci a biya ta a hannu, ba a cire mata na fansho. Wani direban bas mai kirki ya nemi aurenta, ta ce ta gode, an sha ta ta warke. Bayan rasuwar Miz Opal, wata Lahadi da rana aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta leƙa ta taga ta ga Hollis tsaye, hula a hannu, furfura ta fara fito masa. Ya daɗe a wurin. Ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofar, ta toshe bakinta da hannu don kada ya ji kukanta, amma ba ta buɗe ba. Ba na ganin laifinta, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Shekaru suka tura. Ta haura sittin, gwiwoyi sun ƙi, hawa bene ya zama yaƙi, kuma ta san abin da za ta samu na fansho da sunanta ba zai biya ko hayar ɗakinta ba. Shekarun ƙarfinta ai a gonar Caudill suka ƙare, inda ba a taɓa biyanta ba balle a zuba mata wani abu a asusun gwamnati.

A cikin wannan hali Nadine ta bugo mata waya: Hollis ya rasu, zuciya ce ta tsaya masa a bakin aiki a kamfanin yanka katako inda ya daɗe yana aiki. Verna ta ce ba za ta je ba. Washegari sai ga ta a bas.

Bayan an binne shi a kan tudu kusa da ubansa, mutane suka koma gida cin abincin makoki. Nadine, wadda ita ma yanzu kaka ce, ta ja Verna kicin, wannan kicin ɗin dai, ta zuba mata kofi, ta tambaye ta ko ta je ofishin fansho. Verna ta ce me za ta je yi, ita da aka saka shekara talatin da suka wuce.

Nan Nadine ta zayyana mata. Ta ce a doka, matar da ta cika shekara goma a gidan miji, ko an rabu, tana da haƙƙi a fanshonsa. In ya mutu kuma ta kai sittin ba ta da wani aure, za a biya ta kamar matar da ya mutu ya bari. In ko kwana ɗaya ya rage goman ba ta cika ba, ko sisi babu. Mamansu ta tsinci zancen ne a wurin gyaran gashi, ta ɗauka daga aljihun ɗanta za a yanka, alhali ba a rage wa kowa komai. Shi ya sa ta ɗaga hankalin duniya a gama kafin Mayu. Hollis kuwa da ya ji dalilin, sai ya je ya tambaya a ɓoye, ya dawo ya fara ƙaryar saniya.

"Saniyar nan ko ciki ba ta da shi, Verna. Motar ma da hannunsa ya cire mata waya, ina kallo. Ya ce min: ‘Na kasa riƙe ta, Nadine. Amma ba za ta fita gidan nan hannu rabbana ba.’"

Verna ta ajiye kofin. "To me ya hana shi faɗa min?"

"Da fari tsoron Mama, don da ta gane da ta sa lauya ya hanzarta. Daga baya kunya. Ya ce wane baki ne zai ce wa mace: na sake ki, amma ga tukuici? Ranar da ya je Dayton, abin da ya kai shi ke nan."

Ta ƙara da cewa bai sake aure ba, kuma likita ya daɗe yana ce masa ya ajiye aiki, ya ƙi. Wai an gaya masa gwargwadon daɗewarsa yana aiki, gwargwadon abin da za a bar wa mai karɓa a bayansa.

Verna ta tashi ta fita ta ƙofar baya, ta hau tudun nan da gwiwoyin da ba sa hawa bene. Ta zauna a kan jar ƙasar da ba ta bushe ba, ta yi kukan da ta riƙe shekara talatin.

"Tela," ta ce, tana dariya tana hawaye. "Kai wawa ne, Hollis. Da ka buɗe baki. Ni ma da na buɗe ƙofa."

Ta je ofishin, aka duba ranar aure da ranar da alƙali ya sa hannu, aka ce goma ta cika har da ɗan ƙari. Yanzu ta bar shara. Ta dawo kwarin, tana zaune da Nadine a gidan da aka kore ta, keken ɗinkinta a bakin tagar da ke kallon tudu.

Haƙurinta bai faɗi ƙasa banza ba, gaskiya ne, amma kada wanda ya ce min an yi kyakkyawan ƙarshe. Uwa ta raba ɗanta da matarsa a kan jita-jitar wurin gyaran gashi, ta mutu ta bar gonar da ta yi duk wannan dominta. Ku iyaye, ku ji tsoron Allah a kan auren ’ya’yanku. Ku kuma masoya, so ba a ajiye shi sai an mutu. In kana son mutum ka tsaya masa yana raye, ka faɗa masa da bakinka.

Duk wata in kuɗin suka shigo, Verna takan sayi tuffa ta yi kek, ta yanka biyu. Nadine ta daina tambayarta na waye ɗayan.