Ruwan Kwata a Hanyar Asibiti

"Ɗauke kujerar nan ki kai ta rana!" Yaya ta faɗa tana toshe hanci da gefen mayafinta. "Wallahi har amai ke taso min. Wannan warin zufar kike kira saurayi?"

Ko fita daga zaure bai gama yi ba, ina jin ƙarar sarƙar kekensa. Na san ya ji.

"Yaya, daga aiki yake..."

"Aikin me? Mutum kullum kamar an tsamo shi daga rijiya! Mai Keke dai, Mai Keke! Ki dubi mijina ki dubi wannan abin."

Na kalli bakinta da ya sha jan baki. Ban taɓa sanin kyakkyawar fuska za ta iya ba ni ƙyama haka ba.

A ɗakin magani yake aiki, a wani ƙaramin asibiti can bayan gari. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, kullum a kan keke, don motar haya ba ta bin hanyar da sassafe. An ba shi ɗaki a asibitin ya ƙi. Innarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, shi kaɗai gare ta. Shi ke juya ta, ya canza mata shimfiɗa, ya ba ta magani kafin ya fita, sannan maƙwabciya ta karɓe shi. Duk da haka ranar Laraba sai ya ratso gidanmu, ƙafar wandonsa ɗaure da roba, ya ce, "Farin cikina, minti goma kawai zan sha kallonki in samu ƙarfin ƙarasawa."

Wata Litinin aka kwana ana ruwa. Mijin Yaya ya ɗauke mu a motarsa za mu duba wata gwaggonmu, kuma hanyar asibitin muka bi. Kwata ta cika ta tumbatsa, baƙin ruwa ya kwanta a gefen titi, da ledoji da ruɓaɓɓen kayan miya a sama.

Daga nesa na hango shi. Yana hawan tudu a tsaye kan feda, farar rigar aikinsa a cikin leda a bayan keken.

"Kai, ga angonmu!" in ji mijin Yaya. "Bari mu yi masa wanka, dama yana buƙata."

"Don Allah kar ka..."

Ya karkata sitiyari ya taka mai. Ruwan ya tashi ya rufe shi ruf! Keken ya goce, ya faɗi a gwiwa cikin kwatar.

Dariya suke. Yaya har da dukan cinya, hawaye na wanke mata kwalli.

"Tsaya," na ce.

"Ke, wasa ne fa!"

"Ka tsaya ko in buɗe in faɗa!"

Ya ci birki. Na fita da sabon leshina, taɓo ya haɗiye min takalmi ɗaya, na bar shi a nan. Ko da na isa, ledar yake lalube. Ya buɗe ta, ya ga rigar ba ta jiƙe ba, sai ya yi ajiyar zuciya. Sannan ya ɗago ya gan ni, ya ga motar.

"Kar ki taɓa ni," ya ce a hankali. "Ƙazanta ce."

Na cire mayafina na shiga goge masa fuska. Warin ya bugi hancina, amma ban ja da baya ba.

"Ka yafe min, nawan. Jinina ne suka yi maka haka."

"Ke me kika yi? Tafi kar su bar ki. Marasa lafiya na jirana, na riga na makara."

Ya miƙar da kan keken tsakanin gwiwoyinsa, ya hau, gwiwarsa na jini. Ni kuwa ban koma motar ba. Da ƙafa na juyo, takalmi ɗaya a hannu, har na samu abin hawa.

Haka na shiga wurin Baba, ban ko wanke ƙafa ba. Ya saurare ni har ƙarshe. Da su Yaya suka dawo, mijinta ya fara, "Baba, raha ce kawai..."

"Tashi ka fita," Baba ya ce, bai ko kalle shi ba. Ya juya wurin Yaya. "Ke kuma ni na haife ki, shi ya sa kunyar ta zama tawa." Ya ce da Umma, "A aika wa yaron nan ya turo manyansa."

Bayan wata biyu aka ɗaura mana aure. Yaya ba ta zo ba, ta aiko a ce kanta ke ciwo. Na yi kuka, don duk da haka 'yar'uwata ce, amma ban neme ta ba.

Washegarin tarewata angona ya yi zumbur tun asuba zai nufi ɗakin Inna. Na riƙe hannunsa.

"Na riga na juya ta, ta sha maganinta. Koma ka kwanta, kana da sauran rabin awa."

Ya tsaya yana kallona. Daga ɗakin muka ji muryar Inna, a karkace amma sarai:

"Ka ji abin da 'yata ta ce. Kwanta!"