Hodar da Ta Yi Rawaya

Maganar ta taso ne daga ɗakin cin abincin ma'aikata, kafin yamma ta kai unguwa: wai jikar Malama ce ta ɗebi sinadarin kamfaninsu ta kai wa abokan hamayya. Malama ta tsufa tana koyar da ilimin sinadarai, kuma ba ta taɓa yarda da maganar da ta fara da "wai" ba. Amma da ta ga yarinyar ta shigo ta zauna bakin gado, takalmi a ƙafa, ido jawur, sai ta san akwai magana.

"Kaka, sun dakatar da ni. Sufeton 'yan sanda ya ce gobe in zo da kayana."

"Da kayanki? Aure zai yi miki? Share hancinki ki faɗa mini."

Kamfanin ƙarami ne, farar hoda ɗaya yake taƙama da ita, wadda ke hana ƙarfe tsatsa. An yi mata rajistar ƙirƙira da sharaɗin cewa ita ce hodar da ake samu idan aka bar ruwan haɗin ya huce a hankali. Yanzu wani babban kamfani ya kai ƙara a soke rajistar. Sun kawo hoda rawaya a 'yar leda, sun ce tun da daɗewa suka yi ta da tsohuwar hanya, tsufa ne ya canza mata launi. A lokacin ne aka lura hodar da ke kwalbar ajiya ta ragu, kuma jikar ce ke riƙe da makullin kabad.

Da safe Malama ta bi ta zuwa kamfanin, gwiwa na ciwo. Ta tarar da mai kamfanin da lauyansa da Sufeto a ɗakin gwaji.

"Mama, doka a fili take," in ji lauyan. "In hodar tsohuwa ce, sabuwar hanyar yin ta ba ta mayar da ita sabuwa. Ga shi kuma suna cewa kowane masani zai yi tunanin barin ruwa ya huce."

"Kowa masani ne bayan an nuna masa, Barista. Sufeto, ina rabon hodarsu da kotu ta ba ku?"

Ta zuba ɗan kaɗan a gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin gwaji. Ta duƙa ta leƙa. Tsohuwar hanya ƙwayoyi take bayarwa dunƙule-dunƙule kamar gishiri. Waɗannan sirara ne kamar allurai, irin waɗanda hucewa a hankali ke bayarwa. Daga ɗakin nan suka fita ke nan. Ta so ta ga gishiri, don da gishiri ne, da babu sata ko kaɗan. Yanzu da bakinta za ta tabbatar akwai ɓarawo, kuma makulli na hannun jininta.

"Sata ce," ta ce.

Sufeto ya dubi yarinyar. Yarinyar ta dubi kakarta kamar ta mare ta.

"Ban gama ba. Bari in tambaye su ɗaya bayan ɗaya."

Ta fara da mai wanke kwalabe, dattijo mai gajeren gemu. "Baba, in na ce ka kai mini cokali ɗaya gida, a me za ka zuba?"

"A baƙar kwalba mana, Malama, in naɗe ta da takarda. Wannan hodar ta fi jariri tsoron rana."

Mai kamfanin ya amsa haka nan, har da tsaki, ya ce asarar farko da ya yi a sana'ar nan taga ce ta jawo masa. Jikar ma haka ta amsa.

Malama ta nemi takardar rajista ta karanta daga farko har ƙarshe, tana bin layi da yatsa. Akwai zafi, akwai awo, akwai yadda ake hucewa. Babu inda aka ambaci haske.

"Wa ya rubuta?"

"Ni, Mama," in ji lauyan. "Daga bayanan da suka ba ni."

"Sannu da aiki. Hannuna ba ya tsayawa, ɗana. Ɗebo mini kaɗan daga kwalbar ajiya, mu kai wa alƙali ya gwada."

Ya buɗe jakarsa, ya zaro 'yar farar leda irin ta ajiye shaidar kotu, ya matsa kusa da taga don ya gani sosai, ya fara zubawa.

"Kai, Barista, rana!" Mai wanke kwalabe ya yi tsalle zai ja labule.

"Bar shi, Baba. Barista, ajiye ta nan kan taga."

Suka zuba wa ledar ido. Malama tana jin numfashin jikarta a bayanta, tana addu'a kada gajimare ya rufe rana. Kafin Sufeto ya gama amsa wata waya, gefen hodar ya fara juyawa rawaya. Ya ɗauki ledar, ya kara ta da ta kotu. Launi ɗaya, leda iri ɗaya.

"Baba, wa ya taɓa zama shi kaɗai a ɗakin nan?"

Dattijon ya shafa gemu. "Ranar da Barista ya zo ganin kaya don sabunta rajista. An kira yarinyar nan waya, ta bar masa kabad a buɗe."

"Wannan ai ba hujja ba ce," in ji lauyan.

"Hujja tana wajen waɗancan masu ƙara," in ji Sufeto. "Zan tambaye su wa ya kawo musu. Ka san babban kamfani ba ya zuwa gidan yari saboda lauyan wani."

Lauyan ya nemi kujera ya zauna. Ya ce sun yi masa alkawarin shari'o'insu duka in rajistar ta faɗi.

Malama ta juya ga Sufeto. "Mutum huɗu ne suka taɓa kwalbar nan. Uku sun san hodar da hannunsu, ba za su sa ta a farar leda ba ko da wuƙa a wuya. Ɗaya a takarda kawai ya san ta. Waɗancan da suka gan ta rawaya sai suka ce tsufa ne. Hodar sabuwa ce, a nan aka yi ta, Barista ne ya ɗauka, jikata ba ta da hannu."