Wejin Na'Allah

Tau! Tau! Harbi biyu a sama, rana tsaka, a gangaren da ke tsakanin Lolo da Illo.

"Kowa shi kwanta! Wanda yaɗ ɗaga kai ya mutu!"

Ango ne, shugaban 'yan fashin, ya rufe fuska da rawani. Yaransa, Muktar da wasu biyu, suna bin 'yan kasuwa suna zazzage aljihu. Babbar mota mai taya goma ta gitta a hanya, murfin injinta a buɗe. A gaban sitiyari Bilyamin yake zaune, gumi ya jiƙa masa riga. Yau ce ranarsa ta farko a matsayin direba, kuma ga inda ta kawo shi.

Shekara huɗu ya yi a hannun Na'Allah, tsohon direban da duk tashar Bagudo ke kira Maigida. Ya wanke mota, ya ɗaure kaya, ya sha ranƙwashi kan canjin giya. Abu biyu Na'Allah ba ya wasa da su. In mota ta tsaya a gangare, a sa mata weji, guntun katakon nan da ake tokare taya da shi. In kuma ka ga ganye a kan titi, alamar ɗan'uwanka ya lalace, ba ka wuce shi ko matarka ce ke naƙuda. Ranar da ya yaye Bilyamin, nasa wejin ya ba shi, na icen kirya, mai ƙusa uku a kai.

Sai dai lasisi ba ya tuƙa kansa. Wata bakwai Bilyamin yana zaman benci a tasha, matarsa Saratu tana soya awara tana ciyar da gida. Da Ango ya zo cikin babbar riga ya ce yana neman direban da zai kai masa albasa iyaka, Bilyamin bai ko tambayi mota ta wane ce ba. Sai da suka wuce Bahindi ya ga bindigogi ƙarƙashin tamfol. Ango ya gaya masa aikinsa ɗaya ne, ya tare hanya kamar ya lalace, in an gama ya ja su. Zai so a ce tsoro ne kaɗai ya rufe masa baki. Gaskiyar ita ce har da makullin da ke hannunsa, ya kasa sakinsa.

Da ya tsaya a gangaren, hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya karyo ganye ya jera a titi. Ya ɗauko weji ya tokare taya. Ango har dariya ya yi, ya ce lallai an samu ɗan gari.

Motar farko ba tare ta aka yi ba. Da kanta ta rage gudu, ta faka. Ɗauke take da 'yan kasuwar Lolo. Direbanta ya sauko da akwatin sifana a hannu, yana ɗingishin da Bilyamin zai gane ko cikin mutum dubu.

"Sannu ɗan'uwa, mi yal lalace?" in ji Na'Allah.

Gindin bindiga ya ba shi amsa — ƙwal! — a ido. Tsohon ya faɗi rub da ciki dab da tayar gaba ta motar Bilyamin. Bilyamin ya sunkuyar da kai ƙasan sitiyari, yana jin kamar a tsaga kujerar ya shige.

Can baya, wani ɗan kabu-kabu ya hango abin da ke faruwa, ya juya babur. Bai tsaya ba sai shingen 'yan sanda. Kafin minti goma jiniya ta fara tahowa.

"Mu ware!" Muktar ya daka tsawa. Suka rufe murfin inji, suka ɗare bayan mota da jakunkuna. Ango ya faɗo gaba.

"Ja mu, ɗan iska!"

Bilyamin ya tayar, ya sa giya, ya taka. Mota ta yi gurnani, ta yi tsalle ɗaya, ta tsaya cak. Ya sake takawa — cak!

Nan take ya tuna da wejin. Ya kuma san maganin, don ya yi shi sau ɗari: a ja baya taku ɗaya, a zare katako, shi ke nan. Ya leƙa madubin gefe. Na'Allah ya ɗago kai, jini ya rufe masa ido ɗaya. Da ɗayan yake kallon ƙusoshi ukun da ke gaban hancinsa. Daga nan ya ɗaga ido, suka haɗu a madubi.

Bilyamin ya murɗe makulli, inji ya mutu.

"Oga, ta ƙi," ya ce.

Ango ya ɗirka masa harsashi a cinya, ya dire. Babur ɗaya ne a wurin, na wani ɗan kasuwa da suka tare, kuma Muktar ya riga shi hawa. Ango bai yi wata-wata ba ya harbe Muktar a baya, ya ture shi, ya haye babur ɗin ya yi daji wajen iyaka. Ƙafar babur ta gaba ta nutse masa a laka cikin wata gonar shinkafa, manoma suka riƙe shi har 'yan sanda suka iso. Sauran biyun sun ɗaga hannu tun a kan mota.

Da aka sauko da Bilyamin, sufeton 'yan sanda ya tambayi Na'Allah ko ya san direban. Bilyamin ya roƙi Allah a ransa tsohon ya ce a'a, ko ya tofa masa miyau. Ko wanne ya fi sauƙi.

"Ni nik koya mai tuƙi," in ji Na'Allah. "Shekara huɗu yana cin tuwon gidana."

Ya nemi a ja motar baya kaɗan, ya mirgino dutse ya tokare tayar da hannunsa, ya zare wejinsa ya tafi da shi.

Muktar ya mutu a wurin. Bilyamin ya samu ɗaurin shekara goma sha huɗu da ƙafar da ba za ta ƙara taka kuloci ba. Saratu na kai masa awara gidan yari, kuma ita ta kawo masa labarin da ya fi hukuncin zafi. Ta ce Maigida ya koma hanya da ido ɗaya. Ran nan ya tarar da ganye jere a titin Illo, wani direba na ɗaga masa hannu.

"Ya tsaya?" Bilyamin ya tambaya.

Saratu ta girgiza kai.