Shanun Tabkin Kanya

Wata Asabar bayan La'asar, Malam Maikuɗi ya fito daga garin Katagum a kan keke, akwatin ɗaukar hoto rataye a wuyansa, ya kama hanyar fadama. Kaka ce. Ruwan kogi ya fara janyewa, gero ya isa yanka. Gauraka yake so ya ɗauka kafin rana ta faɗi.

Maikuɗi akawu ne a wani kantin Turawa masu sayen gyaɗa a Azare, a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin. Akwatin nan wani Bature ne ya bar masa da zai koma gida. Baƙi ne, mai kusurwa huɗu, da ɗan gilashi a samansa inda ake sunkuyawa a leƙa abin da za a ɗauka. Fim ɗaya, hoto takwas. Tun ranar da ya same shi Asabar ba ta ƙara riskarsa a gida ba. Da an tashi aiki sai ya ɗora keke a bayan babbar mota, wannan mako Misau, wancan Jama'are. Itatuwa yake ɗauka, da kogi, da tsuntsaye, da dabbobi. Mutane kam a'a. Ya ce fuskar ɗan ƙauye ɓarnar fim ce. In an wanko hotunan daga Kano sai ya jera su a bangon zaure, duk wanda tsautsayi ya kawo gaishe shi sai ya tsaya an yi masa bayani ɗaya bayan ɗaya, ko da kuwa a bakin wannan kogin aka yanke masa cibiya.

Hanyar siririya ce, yashi na riƙe tayar keke. Yana tafe yana tsaki. Ya wuce masunta suna banda kifi, suka yi masa barka da yamma, ya ɗaga musu yatsu biyu ba tare da ya juya ba. Gajeren wando ne a jikinsa, da doguwar safa fara har gwiwa, da takalmi sau-ciki mai ƙyalli.

Can gaba ya ci karo da garken shanu sun cika hanya, dole ya sauka. Wani dattijon makiyayi ne ke koro su daga wajen ruwa zuwa tudu, sanda a kafaɗa. Sunansa Jumare, rugarsa na nan kusa.

“Sannu, Malam. Ina zuwa da yamma haka?”

“Tabkin Kanya. Kawar mini da dabbobin nan, rana na tafiya.”

Jumare ya dubi yamma, ya dubi akwatin. Ya rage murya.

“Mu ma da muka zo shayarwa, ka ga mun taso. In rana ta sauko kan giginyar can, lokacin waɗansu ne.”

“Su wa?”

“Masu wurin.”

Maikuɗi ya yi dariya har da dafa sirdin keke. “Masu wurin! Suna da takarda daga En'e?”

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, “In ka ga farare, ka sunkuyar da kai ka juyo. Kada ka ƙirga, kada ka nuna da yatsa.”

“Baffa, ni ba ƙirga shanu na zo yi ba. Wannan aikinku ne. Ni ɗauka nake yi.”

Ya hau keke ya kutsa tsakanin shanun yana kaɗa ƙararrawa. A ransa yana cewa, mutum ya yi furfura a bayan saniya, ina zai san bambancin hazo da aljani.

Tabkin yana cikin wani kwari, reshen kogi ne da ya yanke bayan damina. Wata tsohuwar kanya ta ranƙwafa a kansa. Maikuɗi ya jingina keke a jikinta. Wurin ya yi masa yadda yake so: hasken yamma ja-ja a kan ruwa, bado ya buɗe, gauraka biyu na taku a gefe, kirinjijiya na ta shewa, kwaɗi sun fara. Ya sunkuya, ya leƙa gilashi, ya danna. Ƙyas. Ya murɗa fim. Ya sake ɗaya.

Yana cikin murɗawa ya ji kunnensa ya yi wani iri, kamar an toshe da auduga.

Kwaɗin sun yi shiru. Gaurakan babu su, bai kuwa ji tashinsu ba. Rana ta zauna daidai kan giginya.

Sai wari ya sauya. Da warin taɓo ne da ruɓaɓɓen ganye. Yanzu ƙamshin madara ne mai ɗumi, wadda aka tatsa yanzun nan, gauraye da sanyin tsohuwar rijiya.

Ya ɗaga kai. Shanu ne a cikin ruwa, suna tahowa daga tsakiyar tabkin. Farare fat, manya, ƙahoninsu dogaye kamar an goge da mai. Ya ce a ransa daga wancan ƙetaren suka ratso. Bai taɓa ganin irinsu ba, ko a kasuwar Azare. Ya tuna tsohon, ya yi murmushi. Wato garken wani ne da ya fi nasa kyau, shi ya sa ba ya so a gani.

Ya lura jikinsu a bushe yake. Ya lura ba ƙuda ko ɗaya, ba balbela a bayansu. Ya lura ruwan ba ya motsi inda suke takawa. Duk ya lura, ya ture gefe, domin haske na ƙarewa.

Wani bijimi ya tsaya a gaba, tozonsa ya kwanta gefe guda. Maikuɗi ya matsa taku biyu, ya daidaita shi a gilashi.

Ƙyas.

Ya ɗago. Bijimin ba ya wurin. Ya ce ya shige cikin 'yan'uwansa. Ya murɗa fim, ya ƙara matsawa, ya kama wata karsana.

Ƙyas.

Ita ma babu. Inda ta tsaya sai fili.

Ya mutsuke ido, ya murɗa fim. Ya yi wa kansa tsaki. Ga wata babbar saniya can da ɗan maraƙi a gindinta, ƙafafunsa ko ƙwari ba su yi ba. Wannan shi ne hoton da zai sa a tsakiyar bango. Ya matsa, ya matsa, har maraƙin ya cika gilashin shi kaɗai.

Ƙyas.

Saniyar ta juya ta shinshina gefenta. Ta juya ɗaya gefen. Sannan ta ɗaga kai ta yi kuka.

Wannan ne sauti na farko da ya ji tun da kwaɗi suka yi shiru. Ya ji shi a ƙashin ƙirjinsa.

Duk garken ya juyo ya dube shi.

Ya sunkuyar da kai, idonsa ya faɗa kan gilashin. Mace ce a ciki, tsaye tsakiyar shanun. Doguwa, da baƙin zane, da ƙwarya a hannu.

Ya ɗago. Ba kowa.

Ya sake dubawa. Ta rage rabin tazarar.

Ya so ja da baya, ƙafa ta ƙi. Sai a lokacin ya ji sanyi. Ruwa ya wuce gwiwarsa. Bai san sa'ad da ya shigo ba. Taɓo ya haɗiye takalmansa.

A gilashin yanzu fuskarta ce kaɗai. Ba ta da muni. Kallon da take masa ne abin tsoro, irin kallon da ake wa ƙazantar da aka taka.

“Ɗan Adam.”

Muryar a hankali, daf da kunnensa na hagu.

“Wa ya ba ka?”

Ya ce, “Hoto ne... hoto ne kawai, Inna.”

“Ni ba innarka ba ce.”

Wani abu ya kama wuyan hannunsa. Yatsu biyar, sanyi ƙalau. Ya duba, bai ga komai ba, sai fatarsa da ta lotsa wuri biyar.

“Ka shigo ba sallama. Ka ɗauki uku a gabana.” Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. “A cikin wannan ɗan akwatin. Shi ne abin taƙamar taka?”

Ya nemi addu'a a kansa. Ya samu farkonta, ƙarshen ya ɓace.

“Mayar.”

“Ban san yadda...”

Hannun ya ja shi ƙasa. Ruwa ya kai ƙugu. Shanun suka fara matsowa, ba ƙara, ba numfashi. Ƙahoni ta ko'ina.

“Mayar, ko ka zauna a madadinsu. Ko da yake ban ga abin da za ka tsinana mini ba.”

Ruwa ya kai ƙirji.

Ya ɗaga akwatin sama da ɗaya hannun. Ya lalubi maɓallin baya da babban yatsa. Ya zame. Ya sake. Ya sa haƙori.

Murfin ya buɗe.

Ya cafki fim ɗin da baki, ya fizga. Ya ji ya tsage. Ya tofar da shi a ruwa.

Ruwan ya tafasa. Tozon bijimin ya ɓullo, sai ƙahonin karsanar. Gauraka biyu suka fito daga ƙarƙashin ruwa a jiƙe, suka tashi suna kururuwa.

Hannun ya sake shi.

Ya juya, taɓo ya riƙe. Ya faɗi, ya sha ruwa, ya taso yana tari. Wani abu mai tauri ya bugi kafaɗarsa.

“Kama,” in ji wata murya ƙasa-ƙasa. “Kada ka waiwaya.”

Sandar Jumare ce. Tsohon na tsaye a kan saiwar kanya, fuskarsa a juye gefe, leɓɓansa na motsi. Maikuɗi ya rungumi sandar da hannu biyu. Aka ja shi kamar buhu. Taɓo ya sake shi, ya riƙe takalma da safa ɗaya.

Suka hau tudu, tsoho a gaba, akawu a baya yana rarrafe yana tashi. Ba wanda ya tuna da keke. Sai da suka hango wutar ruga, suka jiyo kiran sallar Magariba daga Katagum can nesa, sannan Jumare ya tsaya. Ya dubi Maikuɗi daga sama har ƙasa, taɓo har gashin baki, akwati na reto a wuya baki buɗe. Bai ce masa sannu ba.

“Ka mayar duka?”

“Duka, Baffa. Wallahi duka.”

Jumare ya karkata kai yana saurare. Daga cikin kwarin, saniyar ta sake kuka, dogo.

“To, me take nema?”

Maikuɗi ya rufe murfin akwatin. A rugar ya kwana, a kan tabarmar da aka jefa masa kusa da turken maruƙa, zazzaɓi na kaɗa shi. Da safe Jumare ya sa aka ɗauko keken, ya miƙa masa ba tare da ya haɗa ido da shi ba.

Sai ranar Litinin a Azare ya iya duba cikin akwatin. A can ƙurya, naɗe a jikin ƙarfen da ke murɗa fim, ga wani guntun fim ya maƙale. Faɗinsa bai fi yatsu uku ba. Ya mayar da murfin da sauri.

Ran nan da Magariba matarsa Saudatu na kwashe tuwo, sai ta tsaya da mara a hannu.

“Malam, saniyar wa ce a bayan katangarmu?”

Ya zagaya da fitila. Ba saniya, ba sawu. Ƙasar wurin dai a jiƙe take, alhali an yi kwana ashirin ba a ga hadari ba.

Kashegari ma haka. Da jibi. Kuka uku, daidai faɗuwar rana, sannan shiru.

Ya so ya jefa guntun a murhu, Saudatu ta riƙe masa riga. Ya riga ya gaya mata komai cikin zafin zazzaɓi. Ta ce, “In ka ƙona, ɗanta ka ƙona. Yanzu nema take. Kana so ta zo ramuwa?”

Ya aika wa Jumare saƙo ta hannun wani direba, da goro da turmin atamfa, yana roƙo ya karɓi akwatin ya kai tabkin. Kayan suka dawo yadda suka tafi. Direban ya ce tsohon ya ce a gaya wa akawu, shi bai ɗauki kome ba, wanda ya ɗauka ya san hanya.

Sau ɗaya Maikuɗi ya gwada. Ya je Katagum da rana tsaka, ya bi hanyar har ya hango kan kanyar. Daga nan bai ƙara taku ba. Ya daɗe tsaye cikin rana, sannan ya juyo ya hau motar da ta kawo shi.

Ya naɗe akwatin a tsohon bargo, ya sa a ƙasan adaka, ya kulle. Ya sauke hotunan zaure. Sau biyu yana sauya gida a Azare, kukan na riga kayansa isa. Daga baya ya koma fita masallaci tun rana na da sauran tsawo, ba ya dawowa sai an yi Isha'i, har mutanen unguwa suka riƙa cewa akawu ya kama ibada.

Saudatu ce ke zama a gida, ita ke ji. Ta ce kukan bayan katanga bai dame ta ba, ta saba, har tausayi take ji. Abin da ya hana ta shiga ɗakin Malam da Magariba daban ne. In saniyar ta yi na ukun ta yi shiru, daga ƙasan adakar wata 'yar siririyar murya takan amsa.