Tagar da Auta Ta Liƙa

Auta yarinya ce mai kaifin basira, amma akwai ta da rawar kai. In ta ga ana yin abu sau ɗaya, shi ke nan, a ganinta ta zama gwana.

Babanta mai gyaran jiragen ruwa ne. Rumfarsa tana bakin tafki, cike da katako da igiyoyi da gwangwanayen fenti. Da an tashi daga makaranta, can Auta take zarcewa.

A wannan makon, jirgin kawunta ne ake gyarawa. Shi ne zai kai 'yan ajinsu tsibiri ranar Asabar, su je kallon tsuntsaye. Yara sun daɗe suna ɗokin tafiyar. To amma tagogin jirgin sun tsufa, ruwa yana shiga ta gefensu. Baba ya cire su, yana sa sababbin gilasai.

"Baba, ka bar mini ƙaramar tagar gaba mana," in ji Auta. "Wallahi na iya."

"Kin iya tun yaushe?"

"Tun jiya da na tsaya ina kallonka."

Baba ya yi dariya. "To, sarkin aiki, ga ta nan. Ki goge bakin tagar tas, ki bari ya bushe. Sannan ki zagaye shi da baƙin gam ɗin nan, ki kwantar da gilashin a hankali. Baƙin fa, Auta."

"Na ji, Baba."

Suna cikin haka sai ga wani masunci ya zo yana haki. Injinsa ne ya ƙi tashi. Baba ya ɗauki jakar kayan aiki ya bi shi.

Auta ta goge bakin tagar, ya fita fes. Kafin ya bushe, ta je duba tagar da Baba ya sa jiya. Ta danna gam ɗin da ɗan yatsa. Sai ya lotsa, ya dawo kamar roba.

"Kai!" ta ce. "Tun jiya bai yi tauri ba? Wannan ai ba ya da ƙarfi."

A kan wata kanta a rumfar akwai wani gam daban. Ta taɓa ganin Baba ya liƙe ƙotar guduma da shi, ya bushe ƙam kamar dutse. Shi ta ɗauko. Ta shafa shi a bakin tagar, ta danna gilashin. Daga nan ta bi ta sama da ɗan baƙin gam, don tagar ta yi kama da sauran.

Da Baba ya dawo, ya duba, ya ga layi ya miƙe sambal. Ya ce, "Madalla." Auta ta so ta faɗa masa dabarar da ta yi, sai ta fasa. Ta ce a ranta sai an je an dawo tukuna, ya ga nata ya fi ƙarko.

A makaranta kuwa, babu wanda bai ji labari ba. "Ni na sa tagar gaba da hannuna," take cewa. Har mai gadi sai da ta gaya masa.

Ranar Asabar, yara suka cika jirgi. Malamar ajinsu ta zauna kusa da tagar gaba, da kwandon abinci a cinyarta. Kawu ya tayar da inji, suka kama hanya.

Da suka kai tsakiyar tafki, iska ta taso. Igiyar ruwa ta fara dukan jirgin, yana hawa yana sauka. Sai aka ji ƙas! Gilashin tagar gaba ya tsage daga sama har ƙasa. Wata igiyar ta sake bugowa, gefe guda ya ɓalle. Ruwa ya feso ciki, ya jiƙe Malama da kwandon abinci sharkaf.

"Kowa ya zauna!" Kawu ya daka tsawa. "Babu inda za mu je da taga a fashe."

Ya juya kan jirgi. Ga tsibirin can ana hangensa, amma gida suka nufa. Wata yarinya ta fashe da kuka. Wani yaro ya waiwayo ya ce, "Auta, ba tagarki ba ce wannan?" Auta ta sunkuyar da kai.

Baba yana rumfa da suka iso. Kawu ya sauko ransa a ɓace.

"Haba, Yaya! Yara na ɗauka fa, ba buhunan gishiri ba. Wane irin aiki ne wannan?"

Baba ya sa wuƙa ya kankare baƙin gam. Ya ga abin da ke ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa shi da farce. Bai kalli Auta ba. Ya ce, "Ka yi haƙuri. Laifina ne, ban duba da kyau ba."

Wannan maganar ta fi duka yi wa Auta zafi. Ta matso gaban Kawu.

"Kawu, ba Baba ba ne. Ni ce. Ya ce in sa baƙi, na sa mai tauri. Na zaci ya fi ƙarfi."

Baba ya ɗauko wani siririn katako. Ya lanƙwasa shi a hannu, ya sake shi.

"Kin gani? Haka jikin jirgi yake yi a kan ruwa. Yana murɗawa, yana miƙewa. Rana ta buɗa shi, sanyi ya tsuke shi. Gilashi kuwa ba ya lanƙwasuwa. Shi ya sa ake sa musu gam mai laushi a tsakani, wanda ke jure rana da ruwa. In jirgi ya motsa, gam ɗin ya ba da hanya. Naki ya riƙe gilashin ƙam, ya hana shi sakat, sai ya fashe."

"Ashe da gangan yake da laushi?"

"Da gangan. Da kin tambaya, da na gaya miki."

Auta ta ba Malama haƙuri, ta ba 'yan ajinsu. Sannan ta zauna kankare busasshen gam. Aiki ne mai cin rai, har yatsunta suka yi kanta. Da ta gama, Baba ya yanko sabon gilashi. Ita ce ta sake sa shi, da baƙin gam, Baba yana tsaye a kanta. Wannan karon sai da ta ishe shi da tambaya.

Da wata Asabar ta zagayo, yara suka sake shiga jirgi. Kowa yana gudun kujerar gaba. Malama ta dubi Auta.

"Wa ya sa wannan tagar?"

"Ni ce, Malama. Amma yadda Baba ya ce."

"To, nan zan zauna."

Iska ta taso, igiyar ruwa ta yi ta dukan gilashin. Ko ɗigo bai shiga ba. Suka sauka a tsibiri lafiya, suka sha kallon tsuntsaye har suka gaji.

Tun daga ranar Auta ta gane cewa kowane aiki da irin kayan da ya dace da shi. In babba ya ba ka umarni, ba ka ga dalilinsa ba, ka tambaya kafin ka sauya.